Sarkin da Ƙyanda Ta Naɗa

A shekara ta goma sha tara ta sarautar Sarkin nan da ake yi wa laƙabi da Mai Gajeren Barci, ana tsakiyar bazara, rijiyoyi sun ja da baya, sai ƙaninsa da aka kora ya dawo da mahaya dubu huɗu ya yi wa birnin zobe. Masu ba da tarihi ne suka ce dubu huɗu. Ni dai na san ba sa ƙirga doki sai sun haɗa da inuwarsa, saboda haka ku raba biyu ku riƙe abin da ya saura.

Wata biyu aka yi ana kallon-kallo. Mutanen birni suka cinye abin da ke rumbu, suka koma kan abin da ke turke, har aka fara duban jakuna da wani irin ido. Ran nan Sarki ya hau ganuwa don ya zagi ƙaninsa da bakinsa, wai 'yan aike ba sa isar da zagi yadda aka ba su. Bai kai ga zagi na uku ba kibiya ta same shi a cinya, kuma ba ta zo hannu rabbana ba, da dafinta ta zo. Sarkin Magani ya duba raunin, ya shafa gemu, ya ce kwana ashirin, in an taki sa'a.

To, wannan fada tana da wata doka da ta gada tun kaka da kakanni. Ba a ƙirga yaro cikin magada sai ƙyanda ta fito masa, dattawa bakwai masu zaɓen sarki sun ga ƙurajen da idonsu. Kafin nan baƙo ne a duniya, ba a kuma ɗora wa baƙo rawani. Sarki kuwa ɗa ɗaya gare shi, ɗan shekara biyar, wanda uwarsa ta rasu wajen haihuwarsa. Tsabar so ya sa ya killace shi a ƙuryar gida, bayan ƙofa uku, ya rantse duk wanda ya kawo wa yaron ko da mura ce, a bakin kansa. Ba wani yaro da ya taɓa shiga wurinsa. Su kansu masu zaɓen ba su san fuskarsa ba. Da haka Sarki ya tsare ɗansa daga kowace cuta, har da guda ɗayar da za ta ba shi gadon sarauta.

Masu zaɓe suka aika wa Waziri da magana a fili: in Sarki ya cika babu magajin da aka ƙirga, sarauta ta ƙanin ce, za su buɗe masa ƙofa. Waziri kuwa shi ya kitsa korar ƙanin tun farko. Ya shafa wuyansa, ya ji yana son abinsa.

A wani lungu bayan kasuwa akwai wata tsohuwa mai maganin yara. Buɗe-Baki ake ce mata, don ko gaisuwa ba ta amsawa sai ta leƙa bakin yaron da aka kawo. Ba ta duba manya. Takan ce babba ƙarya yake yi wa mai magani, yaro kuwa jikinsa ne ke magana. In zawo ne, ta tsunkuli fatar ciki ta ga ko za ta koma da sauri, ta shafa maɗiga ta ji ko ta faɗa, sannan ta zaunar da uwar tana ɗura masa dafaffen ruwa da ɗan gishiri da zuma, cokali-cokali, ko yana amai. In tari ne, ta yaye riga ta zuba wa haƙarƙari ido. Duk duniya mutum ɗaya ya rage mata, jikarta 'yar shekara biyar, wadda ake kira Aku saboda bakinta ba ya hutawa. Yunwar wata biyu ta tsotse yarinyar, ta bar idanu da surutu.

Ayarin ƙarshe da ya shigo kafin a rufe ƙofofi ya zo da gishiri, ya kuma zo da ƙyanda. Tsohuwar ce ta fara ganewa. Ta tattara iyalan masu jan raƙuma a wani tsohon ɗakin ajiya, ta hana kowa zuwa, ita ke kai musu ruwa, in ta fito ta wanke jiki ta sauya zani kafin ta taɓa Aku. Cutar ta bi yaransu ɗaya bayan ɗaya har ta zo kan na ƙarshe. Saura kwana kaɗan cutar ta mutu a inda aka rufe ta.

Da hantsi dogarai suka zo suka tafi da tsohuwar gaban Waziri. Mutum ne mai taushin murya, irin wanda zai tambaye ka lafiyar iyali yana auna wuyanka da ido.

"Iya, sannu da ƙoƙari," in ji shi. "An ce kina da baƙuwa a kulle."

"Ina da ita, ranka ya daɗe. Kwana huɗu, in Allah ya so, ta ƙare."

"Ai ba ma so ta ƙare. Aronta muke so."

Da ya gama bayani, tsohuwar ta ɗago kai. Sannan ta ce, "Ranka ya daɗe, ƙyanda ta san mai ƙoshi, ta san mai yunwa. Mai ƙoshi takan mare shi ta wuce. Mai yunwa kuwa ido take fara ci, sannan ta gangara ƙirji. Yaran garin nan busasshiyar ciyawa ne yanzu. Kai kuma ka ce in ɗauko garwashi in ratsa ta cikinsu."

"Ɗan Sarki ba ya jin yunwa."

"To shi kaɗai ne."

Waziri ya yi murmushi. "An ce kina da jika. Ita ma ba ta yi ba, ko?"

Sai ya ci gaba.

"Za ta shiga tare da shi. Kada ki ɗauka mugunta ce, Iya. Na dai lura mai magani ya fi kaifin ido in nasa na kan tabarmar."

Kafin azahar an naɗe ɗan mai jan raƙuma a bargo an ratsa kasuwa da shi, tsohuwar da Aku na biye, aka shige ƙofa uku. Ɗakin ɗan Sarki dogo ne, taga ɗaya can sama kusa da rufi, gado mai rumfa, randa biyu a kusurwa, dokin itace mai sirdi na gaske. Mai renonsa, wata doguwar mace marar magana, tana tsaye jikin bango. Shi ɗan Sarki bai taɓa ganin mutum daidai tsawonsa ba. Ya zagaye Aku sau biyu, ya sa yatsa ya dangwale ta, ya ja baya.

"Kaka," in ji Aku, "wannan yaron lafiyarsa kuwa?"

"Rufe mini baki, ƙawata. Ɗan Sarki ne."

"To ɗan Sarkin ko fito da baki bai iya ba. Na tambaye shi."

Sarkin Magani ya tsara yadda za a yi: cokali ɗaya, matashi ɗaya, yara uku. Aka riƙa ɗaga marar lafiyan yana tari a fuskar sauran biyun, safe da yamma, kamar ana ba shuka ruwa. Rana ta huɗu aka ce ya gama aikinsa, aka mayar wa uwarsa. Ya tashi daga baya, amma idonsa na hagu bai tashi tare da shi ba.

Tsohuwar ta san tana da kwana goma kafin zazzaɓi ya zo, ta kuma san abin da za ta yi da su. Ta ce ɗan Sarki na bukatar hanta kullum saboda ido, da madara, da ƙwai. Aka yanka ɗaya daga cikin awaki ukun da suka rage a fada. Abin da aka kawo, ta ba ɗan Sarki kashi ɗaya, ta ɗura wa Aku biyu, har yarinyar ta fara gudun cokali.

"Kaka, da cewa kike yi ina cinye miki gida."

"Yanzu gidan wani ne. Haɗiye."

Sai dai kwana goma ba ya mayar da abin da wata biyu ya ɗauke.

Kullum Sarkin Magani sai ya leƙo ya karanta mata karatunsa. Mai ƙyanda ba a ba shi ruwa, ba a yi masa wanka, a lulluɓe shi a turara masa hayaƙi har ƙurajen su fito sosai, don ruwa yana mayar da su ciki.

"Yara nawa ka yi wa haka, ranka ya daɗe?" in ji tsohuwar.

"'Ya'yan sarakuna tara."

"Nawa suka tashi?"

"Uku. Sauran kwanansu ne ya ƙare."

"Allah sarki. Ashe 'ya'yan sarakuna gajeren kwana gare su."

Rana ta goma jikin Aku ya yi zafi. Hanci ya fara zuba, ido ya yi ja, tari ya biyo baya. Rana ta goma sha biyu tsohuwar ta juya ta wajen hasken taga ta leƙa cikin kumatunta, ta ga 'yan fararen ɗigo kamar an barbaɗa gishiri. Ta jawo ɗan Sarki ta leƙa nasa, jajir, lafiya lau, kamar na ɗan kyanwa. Rana ta goma sha huɗu ƙuraje suka ɓullo wa Aku a bayan kunne, suka rufe fuska, suka gangara wuya da ƙirji. Fuskar ta kumbura, kwantsa ta liƙe idanun, muryar nan da ba ta hutawa ta dishe ta koma kamar ana jan busasshen ganye a ƙasa. Tsohuwar tana goge mata ido da ruwan ɗumi, tana shafe jikin da jiƙaƙƙen tsumma, tana ba ta ruwa kurɓi-kurɓi. Ɗan Sarki kuwa yana kan dokinsa na itace, yana hura iska ta tsakanin haƙora, wai yana koyon fito.

Rana ta goma sha shida tsohuwar ta tare mai reno a bakin randa.

"'Yar nan, shekara arba'in ina wannan aiki. Ƙyanda ba ta tsallake yaro sai wanda ta riga ta sani. Yaushe ya yi?"

Moɗa ta faɗi daga hannun matar. Ta durƙushe, maganar ta zubo. Shekara uku da suka wuce, Sarki ya tafi yaƙi, kewar ɗanta da ta bari a gida ta ishe ta. Ta shigo da shi cikin kwandon wanki, wuni ɗaya tak, ba ta san yana ɗauke da komai ba. Bayan mako biyu ƙuraje suka fito wa ɗan Sarki. Ta kulle ƙofa ta yi jinyarsa ita kaɗai, ta ce wa kowa haƙori yake yi. Shi ya tashi. Nata ɗan ya mutu a gida ba ta nan.

"Ranar da aka shigo da jikata kina tsaye a nan," in ji tsohuwar. "Me ya hana ki magana?"

"Sarki ya rantse, Iya. Kaina ne."

"To ga kanki nan a wuyanki. Allah ya bar miki shi."

Daga nan tsohuwar ta yi kuskuren da masu gaskiya suka saba yi: ta ɗauka in ta faɗi gaskiya za a sallame ta. Ta aika aka kira Waziri ta zayyana masa komai. Ta ce ɗan Sarki ya riga ya cika sharaɗi, a gaya wa masu zaɓe, ita kuma a bar ta ta kula da jikarta.

Waziri ya saurara har ƙarshe. Sannan ya ce, "Doka ba ta ce ya yi ba, Iya. Cewa ta yi a gani. Sarki kuma ya cika ɗazu da safe. Mu uku muka sani, ke ce ta huɗu."

Ya taka zuwa shimfiɗar Aku ya tsaya yana kallon fuskar nan da ko uwarta ba za ta shaida ba. Ya dubi ɗan Sarki, ya sake duban yarinyar, kamar mai gwada takalmi.

"Tana iya magana?"

"Muryarta ta dishe."

"Madalla. A aske mata kai."

Tsohuwar ta gane. Ta zube a gabansa, ta yaye rigar yarinyar ta nuna masa ƙirjin. "Dubi nan, ranka ya daɗe. Ka ga yadda ƙasan haƙarƙarin ke lotsawa in ta ja numfashi? Ka ga hancin yana buɗewa? Ta sauka ƙirji. Inuwa take so, da iska, da ruwa kowane ɗan lokaci, a jingine ta kada a motsa ta. Kwana biyu kawai. Bayan kwana biyu ka kai ta ko kasuwa ce."

"Bayan kwana biyu gawar Sarki za ta yi shela da kanta, a wannan zafi. Ɗan lokaci ne, Iya. Su duba, ki rantse, ki ɗauki abarki. Kafin inuwa ta motsa taki ɗaya kun dawo. In kuma kin ƙi, ganuwa tana da tsawo, ku biyu kuma ba ku da nauyi."

Ta auna. Taki ɗaya na inuwa, yarinya za ta iya jurewa. Ta ce to.

Washegari da hantsi aka shigo da Aku zauren fada a kan kujera, cikin riga uku, da alkyabba, da rawanin da ya fi kanta nauyi. Zauren ba taga, an cika shi da hayaƙin turare da numfashin manya. Dattawa bakwai suka zo ɗaya bayan ɗaya, kowa ya sunkuya ya duba, ya koma ya zauna da fuskar wanda ya fahimci wani abu. Na shidansu, wanda aka san zuciyarsa na wajen ganuwa, ya ce shi bai gamsu ba. Wa ya sani ko ƙurajen zafi ne, ko ƙarambau?

Alƙali ya ce mai magani ta matso. Tsohuwar ta matso da sauri, goran ruwa a hannunta, maganar na fita tana tuntuɓe da juna don ta gama.

"Ranku ya daɗe, ƙurajen zafi ba sa zuwa da tari da jan ido, kuma a wuya da hammata suke taruwa. Ƙarambau ruwa take ɗurowa kamar raɓa, wani ƙurjin ya fashe wani na fitowa, daga ciki da baya take farawa. Wannan kuwa shimfiɗe take, ba ruwa, ta haɗe da juna. Zazzaɓi kwana huɗu, sannan ta fito daga bayan kunne ta yi ƙasa. Ƙyanda ce. Ko makaho ya shafa ya sani."

"Za ki rantse ƙyanda ce?" in ji Alƙali.

"Na rantse."

"Za ki rantse wannan da kika yi jinya ɗan Sarki ne?"

Ta dubi ƙirjin alkyabbar yana ɗagawa yana sauka da sauri kamar na tsuntsun da aka kama.

"Na rantse."

A nan Waziri ya miƙe ya sanar da rasuwar Mai Gajeren Barci. Aka yi salati, aka yi 'yan koke-koken da suka wajaba, kafin hawaye su bushe masu zaɓe sun ce ga Sarki. Tsohuwar ta taka gaba don ta ɗauki abarta, sai dogarai biyu suka gitta masunsu a gabanta.

"Ja baya, tsohuwa," in ji shugaban dogarai. "Hannun talaka ba ya taɓa Sarki."

Ta juya wajen Waziri. Waziri yana gyara hannun rigarsa.

"To ku ba shi ruwa," in ji ta. "Ranku ya daɗe, Sarki na jin ƙishi. Ga shi, ko kurɓi ɗaya, wani ya ba shi."

Sarkin Magani ya ɗaga hannu. "Ruwa yana mayar da ƙyanda ciki. Kowa ya san wannan." Dattawan suka gyaɗa kai, don kowa ya sani ɗin. Aka tura ta bakin ƙofa.

Sai mubaya'a. Sarkin Yaƙi da Ma'aji suka tsaya gardamar wanda zai fara, aka nemo wani tsoho da ya ga naɗin da ya wuce, ya ce ya manta. Inuwa ta motsa taki ɗaya, ta motsa biyu, ta shige ƙarƙashin bango. Da manya suka gama, Waziri ya ce a buɗe ƙofofi mayaƙa da talakawa su ga suna da Sarki, don masu tsaron ganuwa su san wa suke mutuwa dominsa. Gari ya ɗuro. Mata suka zo da goyo, maza suka ɗora 'ya'yansu a kafaɗa suna kutsawa gaba don yaran su ga Sarki ɗan'uwansu.

"Ku fitar da yaran!" tsohuwar ke ihu. "Don Allah ku fitar da yaran nan!"

"Ji tsohuwar banza," in ji wata mata. "Ita ta kwana goma sha wani abu a fada tana cin hanta, mu ko kallo ba za ta bari mu yi ba."

Daga bakin ƙofa ba ta iya ganin fuskar, sai wani zaren azurfa da ke lilo a ƙirjin alkyabbar. Shi ta zuba wa ido. Da azahar yana rawa da sauri. Can ya fara fizga, ya tsaya, ya fizga. Sau ɗaya wani ɗan hannu ya fito daga cikin rigunan yana lalube a iska, wani bafade ya kama shi da ladabi ya mayar a kan gwiwa, don Sarki ba ya miƙa hannu. Tsakanin azahar da la'asar zaren ya tsaya.

Ita kaɗai ta gani. Ba ta yi kuka ba, ta dai zauna a ƙasa, goran ruwan a cinyarta. Mutum goma sha ɗaya suka ƙara faɗuwa suka yi gaisuwa bayan haka. Ɗaya daga cikinsu ya rayu har tsufa yana ba da labarin yadda Sarki ya gyaɗa masa kai. Sai da rawanin ya zame, kan ya faɗo a kafaɗa, zauren ya yi tsit.

Waziri ya tsaya yana kallo, kuma masu tarihi sun ce ba a taɓa ganin mutum ya yi tunani da sauri irin na ranar ba. Birni guda ya ga ɗan Sarki ya mutu. Na gaskiyar yana can bayan ƙofa uku, lafiyarsa ƙalau, amma fito da shi daidai yake da Waziri ya miƙa wuyansa da hannunsa. Ya sa hannu ya share ido, ya ce daga Allah muke.

Shi da Sarkin Magani suka kulle ƙofa suka yi wa gawar sutura da kansu, aka ce tsabar biyayya ce. Tsohuwar ta roƙa a bar ta ko ƙafar ta taɓa, aka tuna mata doka. Aka binne Aku a maƙabartar sarakuna, kusa da Mai Gajeren Barci, manyan gari na bin gawarta a ƙasa ba takalmi. Mai reno kuwa tun ranar ba a sake ganinta ba. Washegari Waziri da kansa ya fita da makullan birni a kan matashi, tun masu zaɓe ba su gama shawarar wanda za su aika ba. Sabon Sarki ya so ya sare shi, sai ya tuna ba wanda ya san inda komai yake sai shi. Ya bar shi a kan muƙaminsa zuwa wani lokaci. Lokacin ya kai shekara ashirin da biyu.

Kwana biyu bayan naɗin, da safe, aka kai tsohuwar ƙofar baya, inda ake zubar da toka. Waziri na tsaye, a gefensa yaro, an aske masa kai, an shafa masa ƙasa, an ɗaura masa tsumman zanin da Aku ta shigo da shi.

"Da ɗaya kika shigo, Iya, da ɗaya za ki fita. Kada a ce na ci miki wani abu."

"Wannan ba nawa ba ne."

"Ba na kowa ba ne. Ya mutu shekaranjiya, ke kika rantse. In ba ki so, akwai tsohuwar rijiya a bayan barga."

"Me ya hana ka jefa shi tun jiya?"

"Mai hankali ba ya fasa tulu don ya ga hadari. Sarakuna suna da mantuwa. Wata rana zan so in tuna wa wannan cewa yayansa ya bar baya."

Yaron yana kallon waje. Bai taɓa ganin sama da faɗi haka ba, ya riƙe ƙofa da hannu ɗaya. Ya ɗago ya dubi tsohuwar.

"Iya, ina Aku? Na kusa iya fiton. Ina so in nuna mata."

Tsohuwar ta dube shi. Ba wanda ya san abin da ta auna, ni ma ba zan yi muku ƙarya in ce na sani ba, ko da yake ƙarya ba ta yi mini wuya. Can ta miƙa hannu ta kama wuyan hannunsa, ba da taushi ba, ta ja shi suka bi ta kan tokar.

Bayan kwana goma ƙyanda ta tashi a kowace unguwa lokaci guda. An buɗe ƙofofi, hatsi ya shigo, amma ya tarar da yaran sun riga sun zama abin da suka zama. Tsohuwar ta bi gida-gida da goranta har tafin ƙafarta ya tsage. Inda aka ji maganarta aka ba da ruwa, aka goge ido, aka nemo hanta, wasu suka tashi. Inda aka bi abin da kowa ya sani, aka yi ta haƙa kaburbura. A lungunta yaro ɗaya ne bai kwanta ba, wannan da ta ce ɗan 'yar'uwarta ne. Maƙwabta suka lura. Suka ce tana da maganin gaske ta ɓoye wa nata, suka kuma tuna wa aka gani tana bin bargon nan da aka ratsa kasuwa da shi. Magana ta kai fada, Waziri ya ce lallai abin dubawa ne. Aka kore ta daga birni da jifa, ita da yaron, suka bi wani ayari da ya nufi gabas. Tulun Waziri ya tafi ke nan, bai kuma nuna ya damu ba, don a lokacin ya riga ya gane sabon Sarki ba ya iya kwana ɗaya ba shi.

Abin da tarihi ya riƙe shi ne, Sarki na goma sha biyu ya hau yana ɗan shekara biyar, ya yi wuni ɗaya, bai zalunci kowa ba. Mawaƙan fada sun ce ba a taɓa Sarki mai kwarjini irinsa ba, wuni guda a zaune ko ruwa bai nema ba. Yaran da suka bi shi a wannan bazara ba a ƙirga su ba, tun da bisa doka baƙi ne.

Ni kuwa da na tsufa cikin jin labaran sarakuna, abin da na lura shi ne gadon sarauta bai damu da wanda ke cikin rigar ba, muddin rigar ta zauna daidai. An ce ƙaddara ce, kuma ba na musu da ƙaddara. Na dai ga duk inda ta zo wucewa a wannan labari, sai da wani mai rawani ya riga ta zuwa ya buɗe mata ƙofa.